Baba Silo da Babur Mai Maƙogwaro Biyu

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Ga shi nan: likitan maƙogwaron babura, alƙalin da inji ke kawo wa ƙara, shugaban masu kasa kunne na duk faɗin layin, gwanin da bai taɓa riƙe takardar shaida ba sai ta haihuwa, ita ma ɓera ya ci rabinta. Jama'a, Baba Silo ke nan! In kun waiga ba ku ga kowa ba, ku duba ƙasa. Shi ne tsohon can da ke zaune a kan bulo, cikin riga mai aljihu huɗu, yana hura wani ɗan ƙarfe kamar mai fifita shayi.

Rumfarsa tana ƙarshen layin masu walda, daidai inda kwata ta yi kwana. Kwano shida ne a sama, biyu suna yoyo. A ciki akwai benci mai ƙafa uku da bulo, da teburin da baƙin mai ya jiƙa har ruwa ya daina kama shi, da gwangwanayen madara jere a kan katako. Wannan na allurai ne, wannan na sifirin, wannan na ƙananan jet masu huda kamar ta allurar ɗinki. Na ƙarshen kuwa shi kansa bai san abin da ke ciki ba, amma ka taɓa ka ga tashin hankali.

Shekararsa arba'in da ɗaya a nan, kuma kafireta kaɗai yake gyarawa. Ga wanda bai sani ba, kafireta ita ce maƙogwaron inji, nan iska da fetur ke haɗuwa kafin su shiga ciki su ƙone. Fetur ya yi yawa, babur ya shaƙe ya yi ta baƙin hayaƙi. Ya yi kaɗan, ya ɗau zafi ya yi ta atishawa. Silo kuwa shi ne ɗan bugun nan da inji ke yi in an saki totur an bar shi shi kaɗai. Baba yakan ce kowane babur jarumi ne in ana murɗa shi, sai a silo ake sanin mai lafiya. Ya faɗa ya faɗa har maganar ta zama sunansa.

Yanzu dai ya gaji. Gwiwa ta gaji, baya ya gaji, idon ma sai ya miƙa hannu can nesa kafin ya ga hudar jet. Baburan zamani rabinsu ba su da kafireta ma, waya ce da roba, sai a jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu. Masu kafiretar kuma ba gyara suke nema ba, a cire a jefar a ɗaura sabuwa. Akan yi wuni biyu ba wanda ya leƙo rumfar sai kaza. Mutanen layi suna cewa tsufa ya sa masa girman kai, don mai walda, wanda rumfarsa ke hagu da tasa, sai ya kira shi sau uku kafin ya waigo.

Abu biyu ya gada wajen ogansa da ya koya masa aiki. Na farko sukundireba mai ƙotar katako da tiyo biyu sirara, kowane tsawon kamu uku. In babur mai kafireta biyu ne, sai ya sa bakin tiyo ɗaya a bakin ta hagu ya cusa ɗaya bakin a kunnen hagu, na dama ma haka a kunnen dama, ya rufe ido kamar likita, ya yi ta juya sukuru har shaƙar iskar biyun ta zo masa daidai a tsakiyar kai. Na biyu doka ce. Ogan ya ce duk ranar da aiki ɗaya ya dawo wa makanike sau uku, to ya ajiye sukundireba ya tafi gida, hannunsa ya ƙare. Kuma ba da baki kawai ya faɗa ba. Ranar da ta same shi ya miƙa wa Baba kayan, ya wanke hannu, ya tafi. Shekara tara ya yi a kan kujera a ƙofar gidansa, babur ya wuce ya ce wannan iska ta yi masa yawa, wani ya wuce ya ce wannan allurarsa ta cinye, ba mai jinsa sai jikoki, su ma dariya suke yi.

Baba ya ga wannan kujera da idonsa, kuma ba abin da yake tsoro kamarta. Amma bakinsa bai bar shi ba. Shekara arba'in yana shelar dokar nan a layi, yana ƙarawa da cewa shi ko sau biyu ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Sai ga Mai Mita.

Shi wannan dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa, har ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Babur ɗinsa baƙi ne, mai silinda biyu da salansa biyu da kafireta biyu, irin wanda in ya taho sai ka ji shi a ƙirji kafin ka gan shi. Shekara talatin da uku suna tare. Ciwonsa ɗaya, a kan hanya lafiya lau, amma da an tsaya a mahaɗa sai ya kama rawar ɗari ya mutu.

Baba ya kwance, ya wanke da fetur, ya hura kowace huda, ya mayar, ya sa tiyo a kunne ya daidaita. Kwana huɗu, sai ga Mai Mita yana turowa. Baba ya cire fulogi biyun. Na hagu ya yi ruwan ƙasa, kalar lafiya. Na dama baƙi ƙirin, a jiƙe. To, laifin na dama ne. Ya canza mata allura, ya canza jet, ya gyara tsayin fetur a ɗan kofin da ke ƙasanta, ya sake sa tiyo. Mako ɗaya cif, da rana tsaka, sai ga shi kuma, hula a aljihu, gumi har cikin takalmi.

"Oga, ni ke hawan babur ɗin nan ko shi ke hawana?" in ji Mai Mita. "Daga mahaɗar asibiti na turo shi. Wata yarinya a mota har tana ce min sannu Baba, a kawo ruwa?"

"Ina kake shan mai, Yallaɓai?"

"Inda nake sha tun kana da gashi."

"Ka taɓa wani sukuru?"

"Ni da ko ƙwan fitila sai an canza min? Ka ga, yarana sun ce in ya ƙara mutuwa a titi za su kira masu gwangwan su auna shi. Ni kuma na ce musu akwai mutum ɗaya da ya rage a duniya."

Mai walda, wanda kunnensa ke rumfar tun ɗazu, ya ɗage baƙin gilashinsa ya taho da allin da yake zana ƙarfe da shi. Ya ja layi biyu a jikin ginshiƙin rumfar Baba, ya busa yatsunsa.

"Ba ni na kafa doka ba, Baba. Ni sakatare ne kawai. In sa a fara nemo kujera, ko mai hannu kake so?"

Baba ya ce wa Mai Mita ya bar babur ɗin, ya dawo jibi.

Washegari ya ɗaure tsofaffin kafiretocin a tsumma ya tafi shagon mai kayan gyara. Ya yanke a ransa cewa sun tsufa ne kawai, ƙarfe ma yana gajiya. Mai shago ya sauko masa da kwali, ya buɗe, ga wasu sababbi biyu suna walƙiya kamar kayan ɗakin amarya.

"Baba, ga ƙarshen wahala. Dubi baki, ɗan yatsa uku zai shiga. In ka ɗaura masa waɗannan, tsohon nan sai ya tashi sama."

Baba ya auna bakin da ɗan karan da ya yanko daidai da bakin tsohuwar. Sabuwar ta fi faɗi sosai.

"Wa zai ja iskar? Injin da ya girme ka? Ka ba tsoho bututu ya sha ruwa da shi, ka ga ko zai iya zuƙa. Ƙarami yake so, wanda iska za ta bi da gudu ta ɗauko fetur."

"To ka sa masa guda ɗaya mana, da ƙarfen da ke raba ta biyu. Ba daidaitawa, ba tiyo, ba ciwon kai. Kowa haka yake yi yanzu."

Nan maganar ta shigi Baba. Guda ɗaya, ya ɗaure, ya huta, alli ya tsaya a biyu. Ya juya ƙarfen a hannu ya fi minti biyar. Sai ya tuna duk wanda ya leƙa ƙarƙashin tankin zai san abin da ya faru, cewa an kawo wa Baba Silo maƙogwaro biyu ya kasa, ya yanke ɗaya. Ya ajiye.

"Jawo min buhun can na ƙarƙashin tebur."

Ya zazzage buhun tsofaffin kaya a ƙasa, ya durƙusa da gwiwar da ba ta son durƙuso. Duk wadda ya ɗauka sai ya sa yatsa ya girgiza ɗan fistin ɗin da ke hawa da sauka a cikinta, ya kai kunnen dama. Mai ƙwas-ƙwas ya jefar, ta sha iska ta gefe. Ya fi awa kafin ya tsamo biyu masu baki daidai da karansa, 'yan gida ɗaya, ba mai motsi a cikinsu.

Ya wuni a kansu. Ya jiƙa, ya goge, ya sa musu jet iri ɗaya, ya sa allura kowace a tsaga ta tsakiya, ya yanka sabon gasket mai hana iska kurɗawa da almakashi. Da safe ya ɗaura, ya buga kik, injin ya kama. Ya sa tiyo, ya rufe ido. Ta hagu tana shaƙa a hankali, can ƙasa-ƙasa, sai ya buɗe ta. Injin ya haura, sai ya rage ta dama don ya sauko. Ya ƙara, ya rage, har suka zo masa daidai a tsakiyar kai. Ya hau ya zaga layi sau uku, ya dawo ya tsaya a bakin kwata ya saki totur.

Babur ya yi rawar ɗari, ya yi tari biyu, ya mutu.

Ya tura shi cikin rumfa, ya cire fulogin dama da tsumma. Baƙi, a jiƙe. Ya duba wuta, tana nan shuɗiya tas. Ya duba bawul, ya toshe ramin fulogi da babban yatsa ya buga kik, iskar ta ture yatsan da ƙarfinta. Komai lafiya. Kafireta wata, ciwo ɗaya. Ya zauna a kan bulo, sukundireba a cinya, yana kallon layi biyun nan na alli. Bai ji haushi ba ma. Abin da ya ji shi ne irin nauyin nan na wanda ya daɗe yana tafiya aka ce masa ga gida can, sai ya tarar ba ya son shiga.

A haka matarsa ta same shi da azahar, da kular abinci a hannu, kamar kullum. Ta zagaya ta bayan babur, ta tsallake tiren mai, ta zauna a benci ta damansa, ko da yake ta hagu ya fi kusa kuma ya fi tsabta.

"Maigida, wa ya rasu?"

"Ni."

"To ka ci abinci tukuna, kada a kai ka da yunwa."

Bai yi dariya ba. Ya gaya mata duka, tun daga zuwan farko har fulogin da ke hannunsa. Ya ce anjima Mai Mita zai zo, shi kuma ba zai ba shi babur ya je ya mutu a titi ba, gara ya ja layi na ukun da hannunsa. Ya ce ta share masa ƙofar gida, gobe zai fara zama.

Ta zuba masa abinci, ta rufe kula, ta dubi tiyo biyun da ke rataye a wuyansa.

"Wannan na hagun, a wane kunne kake sa shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A na hagu mana."

"Kullum?"

"Shekara arba'in da ɗaya."

Ta yi ajiyar zuciya. "Maigida, yaushe rabon da ka ga na zauna ta hagunka?"

Ya dube ta.

"Shekara biyu ke nan da na mayar da rediyo ɗaya gefen gado, ka ce na cika sauye-sauye. Na gaya wa yara duk mai magana da kai ya zagayo ta dama. Jikarka ta taɓa tsayawa ta hagu tana kiran Kaka, Kaka, har ta yi kuka, kai kana ta cin gyaɗarka. Maƙwabcinka mai walda yana cewa girman kai ne. Ni na bar shi a girman kan, na ga ya fi maka sauƙin ɗauka."

"Kunnena lafiya lau."

"Na dama, ƙwarai."

"Da ba na ji da shi, da ban sani ba?"

"Yana ji. Kamar daga cikin rijiya. Ni ban san kafireta ba, amma na san in mutum biyu suna magana, ɗaya a kusa ɗaya a rijiya, kai kuma ka dage sai muryarsu ta zo daidai, to na kusan za ka shaƙe."

Ya ajiye kwanon, ya tashi, ya goge fulogin ya mayar, ya buga kik, ya riƙe totur kaɗan da gwiwar hannu don kada ya mutu. Ya ɗauki tiyon hagu ya kai kunnen dama, na dama ya kai na hagu, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi.

Ta hagu, wadda ya yi mako biyu yana buɗewa don tana ƙasa-ƙasa, ihu take yi kamar tayar da ta fashe. Ta dama kuwa, baiwar Allah, ko numfashinta bai ji ba. Shi ya buɗe waccan har ta ɗauke aikin duka, shi ya shaƙe wannan har silindarta ta koma barci tana jiƙa fulogi. Sau uku yana yi mata haka, da tsofaffin da waɗanda ya tono a buhu, yana kuma ɗora mata laifi.

Ya zare tiyo ɗaya daga wuyansa ya rataye a ƙusa. Ya kashe injin, ya ciro sifok biyu, siraran ƙarafan nan, daga wata tsohuwar taya, ya zura kowane a ƙarƙashin fistin ɗin kowace kafireta, ya murɗa totur a hankali yana kallo. Na hagu ya riga motsawa. Ya sassauta waya, ya ɗaure, ya sake, har sifok biyun suka riƙa sunkuyawa tare. Ya cire su, ya tayar da injin, ya ɗauki tiyo ɗaya da kunne ɗaya, ya saurari wannan baki, ya matsa ya saurari wancan, ya juya sukuru kwata, ya koma. Aikin da yakan gama kafin shayi ya huce, ranar ya ci masa fiye da awa. Daga ƙarshe ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa biyun. Dum, dum, dum, dum, kowace tana bugun tafinsa da ƙarfi ɗaya. Ya saki komai ya ja da baya, babur ya tsaya shi kaɗai yana silo, madubi ko rawa ba ya yi.

Matar ta tattara kwanukanta. "Abincin ya huce," in ji ta. "Kuma ban share ƙofar gida ba, tsintsiyar ta lalace."

Da la'asar Mai Mita ya zo, ya zaga babur ɗin, ya saurara, ya ce, "Oga, me ka canza?"

"Kunne."

"Na babur?"

"Hau ka tafi, Yallaɓai. In ya mutu a mahaɗa, kada ka turo, ka aiko a gaya min in zo in ja layin da kaina."

Wata huɗu ke nan. Mai Mita yana wucewa ta bakin layi duk safiya, yakan tsaya da gangan ya saki totur ya naɗe hannu, don mai walda ya gani. Layi biyun suna nan a ginshiƙi. Mai walda ya zo da jiƙaƙƙen tsumma zai goge, Baba ya hana, ya ce biyu ne, a bar su biyu. Shi da bakinsa ya gaya wa layi zancen kunnen, a taƙaice, yana wanke hannu, kuma tun ranar bai ƙara yi wa kowa shelar doka ba. Bai yi murna ba. Ya san abin da ya ci na hagu bai ƙoshi ba, yana nan yana jiran na dama. Kujerar ma tana nan, an dai matsar da ita gaba kaɗan. Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfa, yakan murza yatsu biyu kusa da kunnen dama ya ji ko suna nan.

Da na gama rubuta wannan tarihi na je na tsaya a kansa yana wanke wata kafireta a tire, na gyara murya na karanto masa farkon, tun daga likitan maƙogwaro har shugaban masu kasa kunne na duk faɗin layin, da ɗaga hannu da komai. Na gama, na jira. Ya hura jet, ya ɗaga shi sama ya leƙa hudar, sannan ya waigo.

"Ta hagu ka tsaya, ban ji ko ɗaya ba. Ba sai ka maimaita ba. Matsa, ka tare min haske."